Hayaƙin Murhu da Ƙarfin Huhu

Jama'a, ku sani huhun ɗan Adam yakan cika ƙarfinsa wajen shekara 20 zuwa 25, daga nan sai ya riƙa raguwa sannu a hankali. Amma ga macen da ta daɗe tana girki da itace, ko kara, ko kashin shanu a ɗaki marar taga, raguwar takan yi sauri. Hayaƙi yana kumbura hanyoyin iska, ya ƙuntata su, kuma abin da ya lalace ba ya komawa. Da fari tari ne da majina, a ɗauka mura ce. Daga baya ɗiban ruwa ma ya gagare ta saboda haki, alhali ba ta taɓa shan taba ba.

Binciken shekara 9 a ƙauyukan kudancin ƙasar Sin, wanda aka buga a 2014, ya nuna cewa buɗe wa hayaƙi mafita da sauya makamashi suna rage saurin raguwar. Saboda haka a yi girki a sarari, da busasshen itace, a kuma sauke goyo kafin a tsuguna bakin murhu. Wadda tarinta ya wuce mako biyu, a kai ta asibiti a auna numfashinta.