Kusheyin Durbi

Gabas da birnin Katsina, kamar tafiyar mil 20, a ƙasar Mani, akwai wani wuri da a ke kira Durbi Takusheyi. Kushewa ita ce kabari. A nan akwai manyan tuddai, amma ba ruwa ko iska ne suka tara su ba. Mutane ne suka tara su bisa manyansu da suka mutu.

A cikin 1907 wani Bature mai suna Palmer ya tona waɗansu, zamanin Sarki Dikko. A cikin 1992 masana suka sake tona uku. Kowanne mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, da kayansa. An sami wuri, da duwatsun wuya, da mundaye na hauren giwa, da 'yan kunne na zinariya, da tasar tagulla wadda aka ƙera a ƙasashen gabas. Waɗansu kayan sun fi shekara 500.

To, don me za a binne mutum da dukiya? Ba a yi wa wanda ba shi tafiya guzuri. Masana suna ganin mutanen nan sun ɗauka mutuwa tafiya ce, kuma babba zai isa can da girmansa. Haka Fir'aunan Masar suka ɗauka. Da Musulunci ya kafu sai al'adar ta mutu. Yau sarki da talaka likkafani kaɗai su ke tafiya da shi.

Mutanen nan ba su bar mana labarinsu a rubuce ba. Kayansu su ne littafinsu. Wuri daga teku ya fito, tasa daga gabas, ashe tun can fatake suna zuwa ƙasar Hausa daga nesa.

Wannan ya shafe mu. A ƙasar Anka da Bukkuyum a na haƙar zinariya, a Gummi a na noman fadama. Wata rana wani zai ci karo da tsohuwar tukunya. Kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar ta inda ta ke, ya gaya wa dagaci. Wanda ya sayar ya yage shafi daga tarihin kakanninsa.

Tambayoyi
1. Mene ne kushewa?
2. Don me aka binne su da kaya?
3. In ka tono tsohuwar tukunya, me za ka yi?