Na yi wa yara alƙawarin lilo a Kano, yanzu gabana faɗuwa yake

 Ni matar aure ce a Babura, 'ya'yana uku: babbar shekararta 8, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 4, autan kuma ban daɗe da yaye shi ba. Tun kafin azumi na ce wa babbar in ta kai izu biyar a Islamiyya zan kai su Kano da Sallah, su ga Gidan Zoo su hau lilo. To ta kai, ga Sallah ta matso, kullum sai ta tuna mini. Maigida ya ba da kuɗin mota, amma ya ce shi ba zai rufe shago da Sallah ba, in tafi da ƙanwarsa 'yar shekara 13. Surukata kuwa ta ce babu inda za a kai mata jikoki, a Kano satar yara ake yi, in lilo ne ga igiya ga darbejiya a ƙofar gida. Ni ban taɓa shiga irin wuraren nan ba, kuɗin ma a ƙirge suke. In fasa ne, ko in rufe ido in tafi?

Uwar 'ya'ya uku, Babura

Amsa: Alƙawari kaya ne, yarinyar da ta yi izu biyar kuma ta ci a sauke mata shi. Ku tafi, amma ba cikin Sallah ba.

Gidan Zoo tun zamanin Gwamna Audu Bako yake, farkon shekarun 1970, kuma babu lokacin da yake cika ya batse kamar kwanakin Sallah. Kin tuna a 2019 da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8, har gwamnan lokacin ya ce babu ma goggon biri a gidan? An sha dariya, amma kuɗin nan cinikin Sallah ne, sai ki ƙiyasta yawan mutanen da suka bi ta ƙofar. A irin wannan turmutsutsu ɗan shekara huɗu ƙafafun mutane kawai zai gani, zaki kuwa sai dai a ba shi labari. Ki zaunar da babbar ki gaya mata gaskiya: mako guda bayan Sallah za a je, lokacin da za ta hau lilo ba tare da dogon layi ba. A lokacin uzurin shago ma ya ƙare, sai maigidan naki ya ɗauki rana guda ya raka ku. Ƙanwar tasa ta zo in akwai kuɗin motarta, amma ita ma yarinya ce, da ta ga lilo za ta saki hannun da aka ba ta.

Maganar Hajiya surukarki kada ki ɗauke ta rigimar tsufa. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka dawo da yara tara 'yan Kano da aka sace aka kai Anambra, kuma daga cikin unguwanni aka ɗauke su. Tsoronta yana da tushe. Ki bar mata autan ya wuni a ɗakinta, dama shi babu abin da zai tsinta a can sai rana da kuka. Ke da maigida ku biyu, yara biyu, kowa da hannun da zai riƙe.

Ki rubuta lambar wayar babansu a takarda ki maƙale da fil a cikin aljihun kowanne, ki koya wa ƙaramin faɗin cikakken sunan babansa da sunan garinsu. A bakin ƙofa ki ɗauke su hoto da wayarki cikin kayan da ke jikinsu, don in ta kai ga cigiya, "wani yaro mai shuɗiyar riga" ba ya isar da saƙo. Sannan ki nuna wa babbar masu gadi, ki ce in ba ta gan ku ba wurinsu za ta je ta tsaya.

Ku fita bayan Asuba ta hanyar Kunya da Kwanar Dumawa, ku fara da dabbobi kafin rana ta take, kada a miƙa wa biri gyaɗa da hannu. A yawancin wuraren wasa kuɗin shiga daban, kowane lilo da tikitinsa, nan ne kuɗi ke zurarewa. Tun a gida ki yanke: kowa hawa uku. Ki tafi da dafa-dukarki da ruwa mai yawa, amma cin abinci sai an gama hawa, in ba haka ba abin nan mai juyawa zai dawo miki da shi a zani.

Ɗan shekara huɗun shi ne abin lura. Kafin ya hau komai, ku tsaya ku kalli zagaye ɗaya: akwai bel ko ƙarfen da ke tare yaro, yana kullewa, mai kula da injin yana kallon yaran ko wayarsa yake dannawa? Ki ɗora tafin hannunki a kan kujerar, don ƙarfen da ya sha ranar bazara yana ƙona cinya. Jirgin ƙasan yara da dokin nan mai zagayawa a hankali sun ishe shi. In ya noƙe, a ƙyale shi. Na sha ganin uba yana cusa ɗa cikin lilo yana cewa "kai ba namiji ba ne?" don kawai an riga an biya kuɗin tikiti, yaro ya sauko yana kakkarwa. A ba yayarsa tikitin ta ƙara hawa.

Da La'asar ku kama hanya don ku shiga Babura da sauran haske. Ita Hajiya kuwa, ɗanta ne zai je ya nemi izininta, ya gaya mata da ƙafarsa za a tafi, a kuma sayo mata tsarabar gurasa.