Manyan Muƙaman Daular Usmaniyya: Darasi Daga Sifawa Da Bodinga



Duk mutumin Dandin Mahe da ya nufi Sakkwato, lalle ya ratsa ƙasar Bodinga, inda garin Sifawa yake. Mutane da yawa suna wuce waɗannan garuruwa a mota ba tare da sun waiwaya ba, alhali kuwa a nan ne aka daidaita tsarin mulkin daular da ta kai har Adamawa da Ilori. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan cin Alƙalawa a 1808, bai koma Sakkwato ba sai 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Bodinga. Yau idan yaro ya ji an ce Waziri, ko Ma'aji, ko Sa'i, abin da yake zuwa masa a zuci shi ne rawani da alkyabba da kirari. To, ya kamata mai karatu ya san aikin da aka ɗora wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye tun asali.

Naɗin farko a Gudu

Sa'ad da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, jama'a suka yi masa mubaya'a ya zama Amirul Muminina. A lokacin babu fada, babu taska, babu ganuwa. Duk da haka aka rarraba ayyuka, domin jama'ar da ta fita daga ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa tana bukatar mai hukunci da mai tsaro da mai ajiya. Malam Abdullahi shi ne babban wazirin Shehu, shi ne kuma ya ja runduna a yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. Aliyu Jedo ya zama Amirul Jaishi, watau sarkin yaƙi. Umaru Alkammu, aminin Shehu tun farkon wa'azinsa, shi aka danƙa wa ajiyar dukiyar jama'a. Aka kuma naɗa alƙali da limami da mai tuta. Ba a ba kowa daga cikinsu aikin don gado ba, domin a ranar babu abin gado sai wahala da gudun hijira.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya nuna cewa mulki yana tsayuwa a kan ma'aikata huɗu. Na farko waziri amintacce, wanda zai farkar da shugaba idan ya gafala. Na biyu alƙali wanda tsoron mutane ba ya karkatar da hukuncinsa. Na uku shugaban 'yan doka, wanda zai karɓo wa mai rauni haƙƙinsa daga hannun mai ƙarfi. Na huɗu mai tara haraji, wanda zai karɓi abin da shari'a ta wajabta ba tare da ya zalunci talakawa ba. Mai karatu zai lura cewa uku daga cikin huɗun nan, aikinsu kai tsaye ya shafi talaka ne, na farkon kuwa an sa shi ne don ya tsare talaka daga kuskuren shugaban kansa.

Waziri

Malaman siyasar shari'a, irin su Imam Mawardi wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, sun kasa wazirci gida biyu. Akwai wazirin da aka sakar wa al'amura, yana zartar da su da ijtihadinsa, sa'an nan ya sanar da shugaba. Akwai kuma wazirin zartarwa, wanda iyakarsa ya aiwatar da abin da aka umurce shi. Malam Abdullahi yana cikin kashi na farko, kuma nauyin abin ya dame shi ƙwarai. Wajen 1807, da ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun fara karkata ga neman sarauta da tara dukiya da dawaki, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida.

A 1812 Shehu, yana Sifawa, ya raba kula da ƙasa gida biyu: yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Malam Abdullahi ya taso daga Bodinga ya tarar an riga an gama, sai ya juya, daga bisani ya tare a Gwandu. Zukata suka yi sanyi na 'yan shekaru, har ranar da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. A nan baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Mutumin da ya fi kowa cancanta a ganin mutane da yawa ya haƙura da matsayi na biyu domin kada jama'a ta tsage.

A zamanin Bello wazirci ya koma hannun Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Shi ne mai kula da wasiƙun daula, shi ne mai zuwa rangadi ƙasashen gabas, shi ne kuma mai saukar da baƙi. A hannunsa Baturen Ingila Kilafaton ya sauka a 1824. Daga gare shi wazirci ya zauna a gidansa, har ya iso kan Waziri Junaidu, wanda ya riƙe shi daga 1948 zuwa rasuwarsa a 1997.

Ƙofofi da masu zaɓe

Da daula ta yi faɗi, sai aka ba manyan fada kula da sarakunan nesa. Irin wannan mai kula ana kiransa ƙofa, domin ta hannunsa saƙo da gaisuwa da ƙara suke shiga wurin Sarkin Musulmi. Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da waɗansu ƙasashen gabas, Galadima ƙofar Katsina, Magajin Rafi kuwa ƙofar Bauci. Har ila yau daga cikin waɗannan manya da zuriyar shugabannin jihadi aka sami masu zaɓen Sarkin Musulmi. Waɗansunsu maƙwabtan Dandin Mahe ne na kusa, kamar Sarkin Kabin Yabo, zuriyar Muhammadu Moyijo, da Arɗon Dingyaɗi, da Sa'in Kilgori. Sarkin Yaƙin Binji kuwa shi ne magajin Aliyu Jedo.

Amfanin ƙofa shi ne ya san halin ƙasar da aka ba shi fiye da kowa a fada, saboda haka shawararsa abar ji ce. Abin da ya faru a Kano a 1893 ya isa misali. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umurci Waziri Buhari ya naɗa Tukur. Masana tarihi sun ruwaito cewa Waziri ya ga haɗarin abin, domin yawancin masu ƙarfi a Kano suna tare da Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi, amma umurni ya rinjayi shawara. Yusufawa suka fice daga birni, basasa ta tashi, Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Shekara takwas bayan haka, a 1903, Turawa suka ci Kano da Sakkwato.

Misali daga ƙasar Sham

Bukatar irin waɗannan muƙamai ba ta tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Mayaƙan Turai 'yan Salibiyya da suka ci Baitul Muƙaddas a 1099 sun kafa masarauta a can mai manyan ma'aikata. Kwanstabul shi ne sarkin yaƙi, yana jan runduna, yana hukunci a sansani. Mashal mataimakinsa ne, mai kula da dawaki. Sanashal shi ne mai kula da kuɗin sarki da kagarai da bukukuwan fada. Cansala kuwa, wanda galibi malamin coci ne, shi ne mai rubuta takardun sarki, kamar Wiliyam na birnin Sur, wanda ya hau muƙamin a 1174. Sun kuma tarar da aikin muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni a kasuwa, a wurin Musulmin ƙasar, suka riƙe shi har da sunansa.

Amma yawan muƙamai bai fisshe su ba ran da sarkinsu Gai ya ƙi jin shawara. A watan Yuli na 1187 Raimon mai Tarabulus ya gargaɗe shi kada ya bar idon ruwan Saffuriyya ya shiga busasshiyar ƙasa da runduna cikin tsananin zafi. Ya bi maganar masu zuga shi, ƙishirwa ta karya mayaƙansa, Salahuddin Ayyubi ya ci su a Hittin, ya karɓi Ƙudus a watan Oktoba. Shi kuwa Salahuddin an san shi da girmama shawarar babban magatakardansa, Alƙali Fadil.

Abin lura

A ƙarshen shekarun 1960 kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun sarakuna suka koma hannun gwamnati, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe yawancin abin da ya rage. Sunayen sarautun suna nan a fada, ayyukan kuwa sun koma wurin sakataren gwamnati da kwamishina da alƙalin kotu da baturen 'yan sanda da ma'ajin ƙaramar hukuma. To, sharuɗɗan da Shehu ya gindaya aikin suke bi, duk inda ya koma. Wanda aka ba ajiyar kuɗin jama'a a Shagari ko Bodinga yau, shi ne yake zaune a mazaunin Umaru Alkammu, ko da bai taɓa naɗa rawani ba. Mai ba gwamna shawara wanda ya ga kuskure ya yi shiru don tsoron rasa kujera, ya bar aikin waziri na farko. Shugaban da ya tara mashawarta amma ba ya jin maganarsu, labarin Kano da na Hittin sun ishe shi gargaɗi.

Malaman makarantun allo da na Islamiyya a wannan yanki suna da sauƙin koyar da wannan darasi, domin Sifawa ba ta da nisa. Ya kamata a riƙa kai yara su ga inda Shehu ya zauna, a gaya musu wanda ya riƙe wane aiki, da abin da aka nema daga gare shi.

Allah ya ba shugabanni mashawarta na gari, ya ba mashawarta ƙarfin halin faɗin gaskiya, amin.