Shawara ga masu rufin ɗaki da masu ba su aiki a Gidan Sori

Mai rufin ɗaki ba ɗan albashi ba ne. Aikinsa na rani ne, daga bayan girbi zuwa faɗuwar ruwa, kuma abin da ya samu a watannin nan shi zai kai iyalinsa damina, lokacin da tiyar hatsi ke tsada.

Malam kafinta, yanke kuɗin aikinka bisa bandir, wato kwano 20, kada ka yanke bisa ɗaki, don ɗakuna ba girmansu ɗaya ba. Ware ladan hannunka daban da kuɗin katako, ƙusa da mota daga Maraɗi. Kafin ka faɗi farashi, tambayi kuɗin tiya a kasuwar makon. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata a 2024, kusan 1,600 ke nan kowace ranar aiki. Wanda ke hawa sama cikin zafin Afrilu bai kamata ya karɓi ƙasa da haka ba. In aiki ya kai ka Jibiya ko Katsina, lissafa canjin naira da sefa tukuna. Kuɗin kaka kuma, sayi hatsi da su tun yana araha.

Maigida, kai ma ka tuna araha ba ta ado. Rufin da aka tsuke wa ƙusa, iskar farkon damina ce ke yaye shi. Ku yi ciniki gaban shaida, ka ba da rabi tun farko, ka cika sauran ranar da aka gama aikin.