Kuki: Yadda Shafin Intanet Yake Gane Mai Ziyararsa

Asalin tsarin da aka gina shafukan intanet a kansa ba shi da ikon tuna kowa. Duk lokacin da kwamfutarka ta nemi wani shafi, na'urar da ke ajiye da shi takan amsa mata kamar ba ta taɓa ganinta ba. To, ta yaya shafin ciniki yake riƙe kayan da ka zaɓa har ka zo biyan kuɗi?

Wani injiniya na kamfanin Netscape a Amurka, mai suna Lou Montulli, shi ne ya warware wannan matsala a shekarar 1994, da abin da ake kira kuki. Kuki ɗan guntun rubutu ne, wanda bai cika wuce kilobait 4 ba, da shafi yake ajiyewa a kwamfutarka ko wayarka. Mai karatu ya kwatanta shi da katin asibiti. Katin yana hannunka, galibi lamba kawai ke jikinsa, amma fayil ɗin da ke ɗauke da tarihinka yana can a ma'ajiyarsu. Da zarar ka koma, manhajar da kake shiga intanet da ita za ta miƙa lambar, a buɗe fayil, a ƙara abin da ka yi yau. Har ila yau, shafi yakan ga adireshin IP naka, wanda ke nuna yankin da kake, da irin na'urarka, da lokacin shigowarka.

Wannan duka da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kukin da ba na mai shafin ba. Kamfanin talla guda yana iya samun gurbi a dubban shafuka, saboda haka lambarsa tana binka daga wannan zuwa wancan, har ya san abin da kake karantawa da cutar da kake bincike a kai, alhali ba ka taɓa jin sunansa ba. Shi ya sa Firefox ta fara toshe kukin bin sawu a 2019, Safari kuma ta toshe na baƙin kamfanoni baki ɗaya a 2020.

Ta fuskar tsaro, adireshin da ya fara da https yana nufin ana rikita saƙo a hanya, yadda mai satar saurare ba zai fahimta ba. Sai dai a lura, wannan ba shaida ba ce cewa mai shafin amintacce ne, domin 'yan damfara ma suna amfani da shi. Kalmar sirri kuwa, shafi na ƙwarai ba ya ajiye ta yadda ka rubuta, sai ya mayar da ita wasu haruffa ta hanyar lissafin da ba a juya shi baya.

Sauran aikin na doka ne. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, duk sun ba mutum ikon neman ganin bayanansa, ko gyara su, ko share su. Idan kuma aka yi kutsen da zai iya cutar da jama'a, wajibi ne a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72.