Mota Tana Ƙara Gudu, Yaya Za A Lissafa Nisan Da Ta Ci?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗalibin sakandare a garin Gadarif da ke gabashin Sudan, wanda mahaifinsa direban lori ne mai jigilar dawa da riɗi daga gonaki zuwa babbar kasuwar amfanin gona ta garin. Ya ce ya ji labarin wata mota da ke tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da sakan uku. A makaranta kuwa an koya masa cewa idan ana son sanin nisa, gudu ake ninkawa da lokaci. To, motar da gudunta ke sauyawa a kowane ƙiftawar ido, wane gudun za a ɗauka a ninka? Malaminsu ya ce amsar tana cikin darasin tafadul da takamul, amma shi bai ga abin da ya haɗa alamomin kan allo da totur da birki ba.

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ita ce dai tambayar da ta haifi wannan fanni na lissafi da a makarantun Najeriya ake kira kalkulas, ku kuma kuke karanta shi da Larabci da sunan tafadul da takamul.

Ƙa'idar da aka koya maka daidai take, sai dai tana da sharaɗi: gudun ya kasance bai sauya ba. Mu ɗauki tafiya daga Gadarif zuwa Kassala, mu ƙaddara nisan kilomita 220 ne, aka yi awa huɗu a hanya. Idan ka raba, ka samu 55 a awa. Amma ka san allurar motar ba ta zauna a kan 55 ba. An tsaya shan shayi a Shuwak, an rage gudu saboda garken shanu, an taka totur inda hanya ta miƙe. Wannan 55 ɗin matsakaicin gudu ne na tafiyar baki ɗaya, bai gaya maka abin da motar take yi a wani sakan guda ba.

Yanzu ka leƙa gaban direba. Akwai mita biyu. Ɗaya tana ƙirga kilomitocin da motar ta ci, ɗayar kuma allura ce mai nuna gudun da ake yi a yanzu-yanzu. Duk darasin da ke ba ka wuya yana tsakanin waɗannan mita biyu ne. Idan ka san abin da mai ƙirga nisa take nunawa a kowane lokaci, kana son gano inda allura take, aikin tafadul ke nan. Idan kuma allura ka sa wa ido tun daga tashi, kana son gano nisan da aka ci, aikin takamul ke nan. Kowanne yana warware abin da ɗayan ya ƙulla.

Bari mu gwada da lambobi masu sauƙi. Da farko mu mai da awon zuwa mita da sakan, domin kilomita da awa sun yi wa wannan aiki girma. Ana raba gudun da 3.6 ne, saboda haka kilomita 108 a awa daidai yake da mita 30 a sakan. Mu ƙaddara wata mota ƙirar boksi ta tashi daga tsaye, ta kai wannan gudu cikin sakan 10, kuma gudun yana hawa bai ɗaya babu tangarɗa. Ke nan kowane sakan ana ƙara mata mita 3 a sakan: 3, 6, 9, har zuwa 30. Wannan adadi na 3 shi ne ƙaruwar gudu, wato yawan abin da gudu ke samu a cikin kowane sakan.

A nan mutane da yawa sukan ruɗe, domin suna ɗaukar gudu da ƙaruwar gudu abu guda. Bas ɗin da ta miƙe a kan kwalta tana 120 ba hawa ba sauka, ƙaruwar gudunta sifiri ce. Raksha da ke tashi daga bakin kasuwa ta fi ta ƙaruwar gudu a wannan lokacin. Abin da ke manna bayanka da kujera ma ƙaruwar gudu ce, shi ya sa kana iya barci a cikin bas mai tsala gudu, amma ka farka da zarar an taka birki.

To mita nawa boksin nan ta ci a sakan 10? Wanda ya ninka 30 da 10 zai ce mita 300, kuma ya zarce, domin sai a ƙarshen sakan na goma ta kai 30. Tun da gudun ya hau bai ɗaya daga sifiri zuwa 30, matsakaicinsa 15 ne, nisan kuma mita 150. Idan ka bi sakan-sakan za ka ga abin sha'awa. A sakan na farko ta ci mita 1.5, a na biyu 4.5, a na uku 7.5, a na huɗu 10.5. Ka raba kowanne da 1.5, ka ga 1, 3, 5, 7. Masanin Italiya Galileo ya bayyana wannan jeri a littafinsa na shekarar 1638, bayan ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako mai gangara. Jimlar nisan a kowane lokaci ita ce 1.5 sau sakan sau sakan. A sakan 4, mita 24. A sakan 10, mita 150.

Da wannan ƙa'ida za ka ga yadda tafadul ke aiki. A ce an rufe allurar, ana son gudun motar daidai a sakan na 4. Daga sakan 4 zuwa 5 ta tashi daga mita 24 zuwa 37.5, wato matsakaicin gudu 13.5. Amma sakan guda ya yi faɗi, gudun ya sauya a cikinsa. Mu matse tazarar: daga 4 zuwa 4.1, lissafin ya ba da 12.15. Mu ƙara matsewa, daga 4 zuwa 4.01, ya ba da 12.015. Ka ga inda lambobin suka dosa? Suna kusantar 12, kuma 12 ɗin shi ne abin da allura take nunawa. Adadin da ake ta kusanta yayin da tazara ke ƙanƙancewa, shi ne sirrin tafadul duka. Dokokin da malaminku ke rubutawa a allo gajeriyar hanya ce kawai ta isa ga wannan adadi ba tare da maimaita raba-raba ba. Idan ka sake yin wannan aiki a kan gudun kansa, za ka samu 3, ƙaruwar gudun da muka fara da ita.

Za ka iya cewa, idan matsakaici ya wadatar, mene ne amfanin takamul? Amfaninsa yana fitowa ne a mota ta gaske, domin babu motar da gudunta ke hawa bai ɗaya. Mu dubi irin wadda ka ji labarinta. A shekarar 2017 kamfanin Bugatti ya ba direban tsere ɗan ƙasar Kolombiya, Juan Pablo Montoya, motarsa mai suna Chiron, mai ƙarfin doki 1,500. Ya tashi daga tsaye ya kai kilomita 400 a awa, ya sake tsayawa cak, duka cikin kusan sakan 42. Alƙaluman da kamfanin ya fitar sun nuna ta kai 100 a sakan 2.4, ta kai 200 a sakan 6.1, ta kai 300 a sakan 13.1, sannan 400 a sakan 32.6.

Ka dubi ɗarin farko da ɗarin ƙarshe. Na farko ya ci sakan 2.4 kacal, ƙaruwar gudun kusan mita 11.6 ke nan a kowane sakan, abin da ya zarce na dutsen da aka saki daga saman bene, wanda nasa 9.8 ne. Ɗarin ƙarshe kuwa sai da ya ci sakan 19.5, ƙaruwar ta faɗo zuwa kimanin 1.4. Injin bai gaji ba. Iska ce babbar mai tare hanya: idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninkawa huɗu. Ga shi kuma a manyan giya ƙarfin da ke isa taya yana raguwa.

Da za mu yi amfani da dabarar matsakaici, mu ce rabin 400 shi ne 200, mu ninka da sakan 32.6, da mun samu mita 1,811. Ainihin nisan da aka auna kuwa mita 2,621 ne. Kuskuren ya haura mita 800, saboda motar ta yi saurin barin ƙananan gudu, ta daɗe a cikin manya.

Ga yadda takamul ke gyara wannan. Ka tuna yadda ake auna gonar da gefenta ɗaya ya bi karkatar kwari, ba a iya ninka tsawo da faɗi kai tsaye. Sai a yanka ta zirin-zirin, a auna kowane ziri kamar mai kusurwa huɗu, a tara a san girmanta. Haka za mu yanka lokacin. A yanki na farko, sakan 2.4 a matsakaicin gudun 50, an ci mita 33. A na biyu, sakan 3.7 a 150, mita 154. A na uku, sakan 7 a 250, mita 486. A na huɗu, sakan 19.5 a 350, mita 1,896. Jimla 2,569. Da yanka huɗu kawai, tazarar da ke tsakaninmu da gaskiya ta sauko daga mita 800 zuwa kusan 50. Da muna da gudun kowane sakan, da mun ƙara matsowa. Adadin da jimlar ke kusanta yayin da yankan ke ƙara sirancewa, shi ake kira takamul. Wannan misali yana burge ni ƙwarai, domin da biro da takarda ɗalibi a Gadarif zai iya bin diddigin alƙaluman injiniyoyin Turai ya ga sun yi daidai.

Wannan dabara ta tara sirara tsohuwa ce. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya yi amfani da ita wajen auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. Abin da Isaac Newton na Ingila ya gano a wajajen 1665 da 1666, kuma Gottfried Leibniz na Jamus ya gano da kansa ya fara wallafawa a 1684, shi ne cewa yanka-da-tara da kuma matse tazara ayyuka ne masu warware juna. Alamomin da kake kwafa daga allo yawancinsu na Leibniz ne.

Chiron dai ba za ta zo ɗaukar riɗi ba, saboda haka mu koma ga abin da ya shafi babanka. Birki ma ƙaruwar gudu ce, sai dai ta juya baya. Mu ƙaddara ƙaramar mota mai lafiyayyun tayoyi a kan busasshiyar kwalta tana iya zubar da mita 7 a sakan cikin kowane sakan. Idan tana 60 a awa, za ta tsaya bayan kimanin mita 20. Idan tana 120, yawancin mutane za su ce mita 40. Lissafi ya ce kusan 80, domin lokacin tsayawa ya ninka biyu, matsakaicin gudun ma ya ninka biyu, biyu sau biyu kuma huɗu. Ban da wannan akwai mitocin da motar ke ci kafin ƙafar direba ta isa birki: idan sakan ɗaya ya ɗauke shi, mita 17 ne ga mai 60, mita 33 ga mai 120.

Akwai wani adadi da nake so ka kai wa babanka da abokan aikinsa a tasha. A ce motocin biyu suna gefe da gefe, suka hango jaki a tsakiyar hanya, suka taka birki lokaci guda. A daidai inda mai 60 ta tsaya cak, mai 120 tana nan tana gudun kusan kilomita 104 a awa. Kusan duk gudunta yana nan. Lori mai cike da buhunan dawa a lokacin kaka ba ta ko kusa da wancan 7 da muka ƙaddara, kuma da damina, idan taraktoci suka kwaso baƙar lakar Gadarif suka shafe kwalta da ita, adadin yana ƙara faɗuwa. Idan ya ragu da rabi, nisan tsayawa ya ninka biyu.

Idan kana son gwadawa da kanka, ranar da ka bi babanka hanya ka zauna a gaba da agogo da littafi. Ka rubuta abin da mai ƙirga nisa ta nuna kafin ku tashi, sannan ka riƙa rubuta inda allura take bayan kowane sakan 10, na tsawon minti biyar. Ka raba kowane gudu da 3.6, ka ɗauki matsakaicin kowane biyu da ke jere, ka ninka da 10, ka tara duka. Sai ka gwada jimlarka da abin da mitar ta ƙara. Wata rana kuma ka sake, amma bayan kowane sakan 30, ka ga wanne ya fi kusa. Ka aiko mana da abin da ka samu, ɗana, kuma a gaida Baba.