Me Ya Sa Ake Ɗaukar Ɗan Wasa Mai Rauni a Bar Mai Lafiya?

Tambaya: Ina bibiyar ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, idan ƙungiyoyin NFL suka zo zaɓen 'yan wasa daga jami'o'i, sai in ga an ɗauki yaron da ke dogara sanda, an tsallake wanda lafiyarsa ƙalau. Ina hikimar hakan?

Amsa: Malam, ƙungiya ba ladan wasan baya take biya ba, shekarun da ke gaba take saye. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai, kuma tun 2011 kwantiragin wanda aka zaɓa na shekara huɗu ne, kuɗinsa ya danganta da lambar da aka kira shi. Saboda haka idan suka hango baiwa, sukan haƙura da shekara guda ta jinya. Ko ƙarancin gogewa ba ya hana su: Anthony Richardson wasa 13 kacal ya fara a jami'ar Florida, amma ƙungiyar Indianapolis ta ɗauke shi na 4 a 2023 don tsawonsa, gudunsa da ƙarfin jifarsa.

Sai dai rauni suna ya tara. Kafin zaɓen na watan Afrilu ana tara yaran a birnin Indianapolis. Jama'a gudun yadi 40 suke kallo a talabijin, alhali babban aikin yana ɗakin likitoci, inda ake murɗa gwiwa, a ɗauki hotonta, a tono duk wata tsohuwar tiyata. Abin da suke son sani ɗaya ne: jikin zai dawo yadda yake?

Dubi Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame. Ana sa ran kiran sunansa cikin goman farko, sai ya ji ciwo ranar 1 ga Janairu 2016, a wasansa na ƙarshe na jami'a. Jijiyoyin da ke riƙe gwiwa sun tsinke, wannan ana ɗinkewa. Abin tsoron shi ne jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ita ma ta taɓu, ƙafar ta riƙa langaɓewa, kuma ba likitan da zai yanka ranar farfaɗowarta. Aka wuce shi a zagayen farko gaba ɗaya. Dallas ta ɗauke shi na 34, kuma likitanta ne ya yi masa tiyatar, don haka ta san abin da sauran ba su sani ba. Bai taka fili ba a 2016, amma a 2019 ya shiga sahun gwanayen shekara.

Ba kowa ke dacewa haka ba. Marcus Lattimore na jami'ar South Carolina, bayan gwiwarsa ta lalace a 2012, San Francisco ta ɗauke shi a zagaye na huɗu, ya yi ta fama da jinya har ya ajiye wasa a 2014 bai buga ko ɗaya ba.

Abin da ke damuna shi ne wanda asarar ke faɗa wa. Ƙungiya idan lissafinta ya ɓaci ta rasa gurbi ɗaya, baɗi ta sake zaɓe. Shi kuwa yaron, saukowa daga goman farko zuwa zagaye na biyu miliyoyin daloli ne suka kuɓuce masa, kuma gwiwar tasa ce har tsufa. Shi ya sa ban ga laifin Christian McCaffrey da Leonard Fournette ba, da suka ƙi buga wasan rufe kakar 2016 na jami'a bayan abin da ya sami Smith. An zarge su da guje wa abokan wasansu. A Afrilun 2017 aka kira Fournette na 4, McCaffrey na 8.